Yadda Za a Nema wa Mai Naƙasa ko Matashi Marar Makwanci Wurin Zama a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa raka gurgu ko makaho neman ɗakin haya a Mabera ko Runjin Sambo ya san amsar da dillali yake bayarwa da zarar ya hango keke ko sanda: an riga an kama ɗakin. Shi kuwa saurayin da yake kwana a rumfar tasha ko a kangon wani bai ma isa wurin dillali ba, domin tambayar farko ita ce wa zai tsaya masa. Mutane sukan ɗora laifin duka a kan halin masu gida. Halin yana nan, amma akwai tsari a ƙarƙashinsa. Kusan duk ƙofar da hukuma ta buɗe ta samun muhalli tana neman ɗaya daga cikin abu uku: takarda, albashi, ko cikar shekaru. Waɗannan bayin Allah galibi ba su da ko ɗaya. Saboda haka aikin ɗan uwa, ko shugaban ƙungiya, ko mai unguwar da yake son ya taimaka, shi ne ya san ƙofar da za ta buɗu da gaske, kada ya ƙarar da kuɗin kabu-kabu a kan wadda aka rufe tun daga tushe.

Inda ikon yake

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A cikin birni shi ne yake ba da izinin zama a fili, wato abin da takardar C of O take shaida, kuma yawanci na shekara 99 ne. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da izinin gargajiya. Mai unguwa da uban ƙasa shaidu ne masu daraja, kuma ba a tsallake su, amma takardar cinikin da suka sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce izinin gwamnati ba. Wanda ya sayi fili a Dambuwa ko More da wannan takarda kaɗai, da sauran aiki a gabansa a Ma'aikatar Filaye da Gidaje da ofishin SOGIS mai rajistar filaye, sannan izinin gini a hukumar tsara birane ta jiha.

Akwai wani sashe na wannan doka da mutane da yawa ba su sani ba, kuma kai tsaye ya shafi matasa. Sashe na 7 ya hana gwamna ba da izinin fili ga wanda bai kai shekara 21 ba, sai dai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa masa, ko kuma idan gado ne ya faɗo masa. Ke nan yaro mai shekara 19 da wani bawan Allah ya ba kyautar fili ba zai fitar da takarda da sunansa shi kaɗai ba. A naɗa amintacce a rubuce, a kuma rubuta ƙarara cewa filin na yaron ne, amintaccen riƙo kawai yake yi. Inda ake samun matsala shi ne a rubuta sunan kawu ba tare da wannan bayani ba. Ranar da kawun ya rasu, filin ya shiga gadon 'ya'yansa.

Tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar wa kowa muhalli mai kyau a sashe na 16, amma wannan babi ne da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai tilasta wa gwamnati ta ba ka gida a kotu.

Gidajen gwamnati da waɗanda suke samu

Rukunin gidaje irin na Gwiwa, Bado, Kalambaina, Gidan Salanke da Wajake, da gidaje 250 da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Sakkwato a 2024 ƙarƙashin shirin Renewed Hope, duk an gina su ne don a sayar ko a riƙa cire kuɗinsu daga albashi. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na abin da mutum yake samu a wata, kuma sai ya yi aƙalla wata 6 yana zubi kafin ya nemi rance, a kan ƙarin kashi 6 cikin 100 a shekara, a biya cikin abin da bai wuce shekara 30 ba. Mai sana'ar kansa yana iya shiga, amma sai ya nuna kuɗin da ke shigo masa a kai a kai ta asusun banki. Alawus ɗin masu naƙasa da aka fara biya a kan naira 6,500 a wata zamanin Gwamna Aliyu Wamakko, wanda aka ɗaga zuwa 10,000 a zamanin Gwamna Ahmed Aliyu, kuɗin cefane ne, ba zai riƙe rancen gida ba.

Duk da haka mai naƙasar da yake aikin gwamnati kada ya yi sakaci da haƙƙinsa. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce duk inda ake raba masauki, ko makaranta ce take ba ɗalibai, ko ma'aikata ga ma'aikatanta, ko gwamnati ga jama'a, a fara duba masu naƙasa. Ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma. Sakkwato tana cikin jihohin da suka yi tasu dokar a kan haka. Idan an fitar da fom ɗin rabon gidaje, a haɗa shi da wasiƙa daban mai ɗauke da takardar likita, a nemi gidan ƙasa ba na bene ba, kuma na bakin layi kusa da titi. A yi kwafi biyu, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, a tafi da ita gida. Wasiƙar da ba a buga wa hatimi ba, gobe za a ce ba a gan ta ba. Ya kuma fi ƙarfi idan ƙungiyar masu naƙasa ta JONAPWD reshen jiha ta kai sunaye a dunƙule tun kafin a rufe jerin, domin bayan an raba mabuɗai babu wanda zai fita daga gida saboda kai.

Takardun da za a fara haɗawa

Kafin a je ko'ina, a tanadi lambar NIN, wadda rajistarta ta farko kyauta ce, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hotuna ƙanana guda 4 zuwa 6, da wasiƙar mai unguwa da ta ce ya san mutumin da inda yake kwana a yanzu. Mai naƙasa ya ƙara da rahoton likita daga asibitin gwamnati, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ga mai taɓin hankali, ko Amanawa ga wanda kuturta ta taɓa. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu ko aka yanke wa hannu, a gaya wa jami'in rajista tun farko don ya rubuta dalilin rashin zanen yatsa, maimakon a yi ta mayar da shi gida.

Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne saɓanin suna. A wata takarda Muhammadu Bello, a wata Bello Mamman, a banki kuma an sa sunan gari. A zaɓi yadda yake a NIN, a bi shi harafi da harafi. Kuma a buɗe asusu da sunan mai shi, da lambar wayar da take hannunsa. Alawus da tallafin da ke bi ta wayar ɗan jagora ko ta wani yaya sau da yawa ba ya isa ga mai shi cikakke, kuma mai gidan haya ya fi yarda da wanda zai iya nuna shigar kuɗi da sunansa.

Gidan gado, inda aka fi yin asara

Yawancin masu naƙasa a Sakkwato ba a titi suka fara ba. A gidan mahaifi suke, a ɗakin da ke kusa da zaure ko a ɗakin tsohuwa, har ranar da mahaifin ya rasu aka zo rabon gado. Idan gidan bai rabuwa, sai a yi masa kuɗi a sayar, kowa ya karɓi kasonsa. Mai lafiya ya ƙara da abin da yake da shi ya sayi fili a bayan gari. Gurgu ko makauniya kuwa kason ya tafi a haya da magani cikin shekara biyu ko uku, daga nan sai rakuɓe a gidajen dangi. Naƙasa ba ta hana gado, ba ta kuma rage kason kowa ko da ƙwayar gero, amma kaso na kuɗi ba ɗaki ba ne.

Maganin wannan yana hannun uba tun yana da rai da lafiya, kuma fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na jihar suke bi ya ba shi hanya uku. Yana iya yin kyautar ɗaki ko sashe na gida ga ɗansa mai naƙasa. Yana iya yin umra, wato ya ba shi zama a wurin iya tsawon rayuwarsa, bayan ya rasu wurin ya koma ga mai shi ko magadansa; wannan ta fi kwantar wa sauran 'ya'ya da hankali domin asalin dukiyar bai fita daga gida ba. Yana kuma iya yin hubusi, wato wakafi, a kan masu rauni daga zuriyarsa. Sharaɗin da ake yawan tuntuɓe da shi shi ne karɓa. Kyauta ko hubusin da ba a karɓa aka shiga ba har mai bayarwa ya rasu, ya koma gado. Don haka a ware wurin da gaske, a nuna iyakarsa, a miƙa mabuɗi gaban shaidu biyu adilai, a rubuta, mai unguwa ya sa hannu, in da hali a kai kotu ta tabbatar. Uban da ya ce ya ba yaronsa ƙarami gida alhali shi ne yake zaune a ciki bai fita ba, ya bar ƙofar rigima a buɗe. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. Jinkiri ne yake kashe wannan aiki, ba ƙin yi ba.

Idan an riga an yi rasuwar, a roƙi alƙali ko malamin da yake rabo ya fitar da kason mai naƙasa a matsayin ɗaki mai ƙofarsa da hanyar makewayi, ko da sai an toshe wata ƙofa an fasa wata. In wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason, amma wanda yana gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙin ya faɗi. Mai taɓin hankali kuma kotu ce take naɗa masa waliyyi, kuma ba a sayar da kasonsa sai don maslaharsa. Duk ɗan uwan da ya ce a bar masa kason a hannunsa zai riƙa ciyar da shi, a ce masa madalla, a rubuta.

Kama haya

A birnin Sakkwato, kamar sauran birane, an saba karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai. Wanda abincinsa na yini ne ba zai tara wannan shi kaɗai ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce a tsallake dillali a bi ta mai unguwa ko limamin shiyya, su da suka san gidan da ke da shago ko ɗakin zaure a rufe. A je da dattijo ɗaya da zai tsaya, a yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan a faɗi buƙata a fili: Ranka ya daɗe, ga yaronka, ga sana'arsa, ga wanda ya tsaya masa, muna neman a karɓi kuɗin wata uku-uku. Masu gida da yawa da za su ƙi a bakin dillali sukan yarda a gaban mai unguwa. Sarkin Makafi da Sarkin Guragu su ma suna tsaya wa mutanensu, kuma maganarsu tana da nauyi a tsofaffin shiyoyi.

Ko ɗaki ɗaya ne a rubuta yarjejeniya. Shafi guda ya isa: sunan mai gida da na ɗan haya, wane ɗaki, nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa ke biyan wuta da yasar masai, da tsawon notis. A ƙara layi biyu da ba a saba sawa ba. Na farko, mai gida ya yarda a yi gangare a ƙofa ko a faɗaɗa ƙofar makewayi. Na biyu, a faɗi ko za a cire kuɗin gyaran daga haya ko kuwa ɗan haya ya yafe. Rashin waɗannan layuka ne yake sa a kashe kuɗi a gyara ɗaki, shekara ta zagayo mai gida ya ƙara haya saboda ɗakin ya yi kyau. Makaho a karanta masa takardar gaban shaidar da shi ya zaɓa, a ɗauki karatun a waya. Kurma a zo da mai fassara da hannu, wanda ake iya samu ta makarantar masu naƙasa ta A. A. Raji ko ƙungiyar kurame. Kowane biya a karɓi rasit.

Idan ba a rubuta wani abu daban ba, ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi ita ce notis ɗin mako ɗaya ga mai biyan mako, wata ɗaya ga mai biyan wata, wata 6 ga mai biyan shekara, sannan wani notis na kwana 7 kafin mai gida ya shigar da ƙara. Kotu ce kaɗai take fitar da ɗan haya. Cire kwanon rufi, ko sa kwaɗo a ƙofa, ko watso kaya waje, duk saɓa doka ne. In haka ta faru a ɗauki hoto, a sanar da mai unguwa a ranar, a je ofishin Legal Aid Council mai ba marasa ƙarfi lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, duka biyun suna da ofishi a Sakkwato kuma ba sa karɓar kuɗi. Sai dai gaskiya ɗaya: wanda ake bi bashin haya ƙafarsa ba ta da ƙarfi a kotu, sulhu tun da wuri ya fi masa.

Matasan da ke kwana a waje ba iri ɗaya ba ne

Kuskure ne a tara su duka a kira su almajirai. Akwai almajirin da yake da malami amma makwancin tsangayar ya yi kaɗan. Akwai gardin da ya bar karatu ya shiga dako ko turin kura a kasuwa. Akwai yaran da 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, wasu da iyayensu wasu su kaɗai. Akwai kuma wanda rikicin gida ko shaye-shaye ya fitar. Kowanne ƙofarsa daban.

Yaro ƙarami ba a kama masa ɗaki. A fara da gano danginsa, ta hannun malaminsa ko uban ƙasar garinsu, a kuma sanar da ma'aikatar da ke kula da mata da yara ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, domin jihar tana da dokar kare yara tun 2021. Wanda zai riƙe yaron da ba nasa ba ya yi da sanin hukuma da mai unguwa, don kare yaron da kuma kare kansa daga zargi. Kwashe yara a mota a mayar da su garuruwansu, kamar yadda gwamnonin Arewa suka yi a 2020 lokacin korona, ba ya ɗorewa idan ba a duba abin da ya fito da su ba. Garin da ba a kwana a cikinsa saboda tsoro ba a ce wa yaro ya koma. Makarantar almajirai ta kwana da Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a Gagi a 2012 ta nuna ana iya haɗa karatu da makwanci, amma gurbin irin waɗannan makarantu kaɗan ne a kan yawan yaran. Abin da unguwa za ta iya yi da hannunta shi ne ta taimaki malamin tsangaya da ɗaki mai rufi da makewayi, a lissafa aƙalla faɗin tabarma ɗaya ga kowane yaro, da tagogi biyu masu fuskantar juna saboda sanƙarau yana yaɗuwa ne a cunkoso lokacin zafi.

Ga wanda ya kai shekara 18, hanya mafi kusa ita ce mutum uku ko huɗu masu sana'a su haɗa kuɗin ɗaki ɗaya, ubangidansu na wurin aiki ya tsaya musu. A sa sunayensu duka a yarjejeniyar, ba na mutum ɗaya ba, don kada ranar da suka saɓa mai sunan ya kori sauran. Zaman gadi a kango shi ma mafita ce ta ɗan lokaci idan mai ginin ya ba da izini a rubuce, mai unguwa ya sani, aka kuma yi alkawarin sanarwar wata ɗaya kafin a tashe shi. In babu wannan takarda, ranar da aka saci rodi ko waya a layin, shi za a fara kamawa. 'Yan mata kuwa ba a sa su a irin wannan tsari ko kaɗan; a nema musu gidan dattijuwa sananniya ko dangin uwa, da sanin hukuma. Waɗanda suka gudo daga hari su yi rajista da hukumar agajin gaggawa ta jiha ko da a gidan dangi suka sauka, domin wanda ba ya cikin jeri ba a lissafa shi ranar rabo.

Zakka da wakafi

Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato tana aiki ta kwamitocin gundumomi, don haka daga ƙasa ake farawa, wurin kwamitin gundumar da mutum yake, da wasiƙar mai unguwa. A nemi abu takamaimai mai adadi: kuɗin hayar shekara ɗaya na ɗaki kaza, ko bandir biyu na kwano, ko buhun siminti huɗu, tare da takardar ƙiyasi daga magini. Roƙon a taimaka da muhalli haka kawai ba ya samun wanda zai sa masa hannu. Faƙiri da miskini da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya yanke masa duk suna cikin kaso takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Attajirin da yake son yin wakafin ɗakuna kuma a ba shi shawara ya yi su a cikin gari kusa da kasuwa da masallaci, ya ware shago ɗaya da hayarsa za ta riƙa gyaran sauran. Gidan kyauta a bayan gari, inda gurgu zai biya Keke Napep zuwa da dawowa kullum, ƙarshensa a ba da shi haya a dawo bakin kasuwa.

Gyaran ɗaki: awo da kayan aiki

Samun ɗaki rabin aiki ne idan mai shi ba ya iya shiga sai an ɗauke shi. Gidajenmu ana ɗaga dokin ƙofa saboda ruwan damina, ga kwata a gaba. Ƙa'idar gangare ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Dakali mai tsayin santimita 30, wato ƙafa ɗaya, yana son gangare mai tsawon mita 3.6. Faɗinsa ya kai mita 1.2, a bar fili miƙaƙƙe na mita 1.5 a bakin ƙofa inda keke zai tsaya a buɗe ta. Magina sukan taƙaita shi zuwa mita ɗaya don tsimin siminti, sai ya zama mai keke ba ya hawa shi kaɗai, in ya zo sauka kuma ya kife. Idan lungun ya yi ƙunci, a kwantar da gangaren a jikin bango maimakon ya miƙe cikin hanya.

A ja bulo a gefe biyu, a cika da jar ƙasa a daddaɓe ta da ruwa sosai, a zuba kankare mai kaurin santimita 10. Haɗin shi ne buhun siminti 1, kwanon yashi 4, kwanon tsakuwa 8. Gangare mai wannan girma yana cin buhu 3, a ƙara 1 na ginin gefe. Kada a goge samansa ya yi santsi; a ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye. A bar gefen ya ɗara saman da kamar santimita 7 don kada taya ta zame. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, domin a zafin Sakkwato kankaren da ba a jiƙa ba yana tsagewa kafin damina. Inda ya haye kwata a sa silab mai rodi, kada a toshe hanyar ruwa, in ba haka ba maƙwabta ne za su fara fasa shi.

Keken zama faɗinsa santimita 60 zuwa 70 ne, don haka ƙofa ta kai santimita 90, ƙafa 3 ke nan. Ƙofar makewayi ita ce aka fi matsewa, a sa ta riƙa buɗewa waje don in mutum ya faɗi a ciki a iya shiga. A gina mazauni mai tsayin santimita 45 a kan ramin masai, da ƙarfen riƙo a bango a tsayin santimita 75 zuwa 80, a kafe shi cikin siminti ba da ƙusa ba. Keken hannu mai ƙafa uku ya fi tsawo, ba ya juyawa a ɗaki. A tanadar masa wuri a zaure inda za a ɗaure shi. Wanda yake jan jiki da hannu yana buƙatar daɓe mai laushi da inuwa daga ɗaki zuwa makewayi, domin daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, siminti yana ƙona tafin hannu. Haka ƙarfen riƙo da ke rana: a yi shi da katako ko a naɗe shi, musamman ga wanda kuturta ta kashe wa jin zafi, wanda zai ƙone bai sani ba. Shi kuma a sa masa mariƙin ƙofa da kan famfo na dannawa, ba na murɗawa ba.

Makaho abin da yake so shi ne kada a riƙa sauya wa kaya wuri, a rufe rijiya da kwata, a ɗaga igiyar shanya sama da kai. Kurma a haɗa masa ƙwan lantarki da makunni a ƙofar gida a maimakon sallama. Wanda yake kwance ba ya fita, ɗakin kwano marar silin azaba ne a gare shi da bazara. Ko da tabarmi ko zana ne a yi rufin ciki, a fasa taga ta biyu.

Idan rusau ko ambaliya ta zo

Fili mai araha galibi a hanyar ruwa yake ko a inda aka shata titi, kuma nan ne marasa ƙarfi suke taruwa. Ambaliyar 2010, wadda ta karya gadar da ke kai wa jami'a, ta nuna iyakar inda Gulbin Rima yake iya kaiwa. Kafin a sayi fili ko a kama ɗaki a gefen fadama a tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar. Idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar da dokar 1978 ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a kan filin. Ɗan haya da mai gadin kango ba su da gini, don haka ba a lissafa su sai sun tashi tsaye. Ranar da ma'aikata suka zo shafa jan fenti, a tabbatar an rubuta sunan mai naƙasar da ke cikin gidan, a ɗauki hoton gangare da makewayin da aka gyara, a fito da rasit ɗin siminti. Sannan a rubuta wa hukumar tsara birane, ta hannun uban ƙasa, a nemi ƙarin wa'adi da taimakon kwashe kaya, a ajiye kwafi mai hatimi.